Ƙarar taya a wurin fakin: iska, alaimen, bel ko sabuwar taya, wanne za ka kashe wa kuɗi?

Duk wanda ya saba shiga da mota wuraren fakin na manyan kantunan zamani, ko otal-otal, ko sababbin benaye na Abuja da Kano da Kaduna, ya san ƙarar nan. Kana tafiya sannu a hankali, gudun da mai tafiya a ƙasa ma zai iya bin ka, ka murɗa sitiyari za ka shiga layi, sai ka ji ƙiiii daga ƙarƙashin mota. Masu gadi su waigo, gabanka ya faɗi. Ka fito ka zagaya motar, ba ka ga komai ba.

Daga nan sai shawara ta rarrabu. Mai faci zai ce iska ce ta yi ƙasa. Mai alaimen, wato mai daidaita ƙafafun mota, zai ce ƙafar motar ce ta karkace. Bakanike zai buɗe bonet ya ce bel ne. Mai shagon taya kuwa kallo ɗaya zai yi ya ce, "Alhaji, ai waɗannan sun gama aiki, canji kawai." Kowannensu yana iya yin gaskiya a wata motar, amma kuɗin da kowace shawara za ta ci maka sun yi nisa da juna ƙwarai: wata kusan kyauta ce, wata kuwa za ta iya cinye albashin wata. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa daga mai tsadar suke farawa, su sayi taya huɗu, su koma wurin fakin ɗin nan, ƙarar na nan daram.

Kafin a gwada hanyoyin da juna, sai an san inda ƙarar take fitowa. Idan mota ta karya kwana, ƙafar da ke ciki tana bin ƙaramin zagaye, ta waje tana bin babba. Don haka dole ƙafar gaba ta ciki ta fi ta waje lanƙwasa. Wannan dabara ta girmi mota kanta, domin tun 1818 Rudolph Ackermann ya yi mata rajista a Ingila saboda keken doki, bayan wani maƙerin Jamus mai suna Georg Lankensperger ya ƙirƙiro ta. Sai dai masu ƙera motoci ba sa bin lissafin nan ɗari bisa ɗari, saboda suna kuma son motar ta zauna daidai a kan titi idan ana gudu. Sakamakon haka, in ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ƙafafun gaba biyu ba sa nufar wuri ɗaya sak. Ɗaya tana jan ɗaya kaɗan zuwa gefe, robar kuma tana gogar ƙasa.

A kan kwalta ko ƙasa ko intalok, gogar nan tana faruwa amma ba ka jin ta sosai, domin tsakuwa da ƙura da ramukan da ke fuskar hanyar suna ba robar damar zamewa cikin sauƙi. Daɓen wurin fakin na zamani daban ne. Wani siminti ne da aka goge da inji har ya yi sumul, wani an shafe shi da fentin epoxy ko polyurethane mai ƙyalli, wani ma tayil aka shimfiɗa. A kan irin wannan, robar tana manne wa daɓen gaba ɗaya, ta miƙe, ta kuɓuce, ta sake mannewa, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Haka goge yake yin sauti: izgar da aka shafa wa ƙaro tana kama tsirkiya tana saki, tana kamawa tana saki, sai ka ji kuka. Ƙara da cewa yawancin wuraren nan rufaffu ne, ga bango ga ginshiƙai ga rufin kankare, ƙaramar ƙara sai ta yi amsa-kuwwa ta cika wuri.

Wato mota lafiyayya ƙalau, mai sababbin tayoyi, tana iya yin wannan ƙara. Ka tsaya minti goma a irin wurin ka saurara, za ka ji motocin da ko ledar kujera ba a cire musu ba suna yi. Manyan jif masu faffaɗan taya ma sun fi ƙananan motoci yi, saboda faɗin robar da ke taɓa ƙasa ya fi yawa, kuma gefenta na ciki da na waje ba tafiya ɗaya suke yi ba a cikin kwana.

Gwajin da zai raba maka gardama ba ya cin ko sisi. Ka nemi fili mai kwalta ko intalok inda babu mutane, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo, ka yi irin kwanar da ka yi a wurin fakin, da irin gudun, dama da hagu. Idan shiru ka ji, to daɓen ne, motarka ba ta da laifi. Idan ƙarar ta biyo ka har nan, sai ka tsaya cak, injin na aiki, ka murɗa sitiyari zuwa ƙarshe ka saurari inda take fitowa, ƙasa ko cikin bonet. Bayan haka ka durƙusa ka shafa tayoyin gaba da tafin hannu, daga gefen waje zuwa na ciki, ka dawo. Abin da waɗannan ukun suka nuna maka shi zai faɗa maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Hanya ta farko, kuma wadda na fi ba mutane shawara idan gwajin kwalta ya fito shiru, ita ce a ƙyale motar a gyara hannu. Kada ka murɗe sitiyari har ya tokare, ka bar masa ɗan sarari. Ka buɗe kwanar ta yi faɗi in akwai wuri. Ka bar motar ta fara mirginawa kafin ka juya sitiyari, maimakon ka murɗa shi tana tsaye. Ka rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Wannan ba zai kashe ƙarar ƙurmus a kan fenti mai ƙyalli ba, amma zai rage ta sosai, kuma yana sauƙaƙa wa famfon sitiyari da tayarod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa) wahala. Illarsa ɗaya ce: wanda bai yi gwajin ba, ya ce daɓe ne kawai ya share, zai iya rufe ido a kan matsala ta gaske.

Ta biyu ita ce iska, kuma a nan ne nake ganin an fi yi wa motocinmu illa ba tare da an sani ba. Taya mai ƙarancin iska tana baje wa a ƙasa, gefenta yana lanƙwashewa a kwana, sai ƙarar ta ƙaru, sitiyari ya yi nauyi, mai kuma ya riƙa tafiya. Mafi muni, irin wannan taya tana ɗaukar zafi a doguwar tafiya, kuma zafi ne kan gaba wajen fasa taya a hanya. To amma maganin ba shi ne a ɗura mata iska har ta yi tauri ba. Masu faci da yawa, da kyakkyawar niyya, suna sa wa ƙaramar mota 45 ko 50 a ma'aunin iska na psi, wani ma da ƙafa ko da ƙarfe yake ƙwanƙwasawa ya ce ta yi. Lambar da ke rubuce a jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba abin da motarka take buƙata ba. Abin da motarka take buƙata yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin motar. Ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 zuwa 35 psi. Iskar da ta yi yawa tana sa tsakiyar taya ya riga gefe cinyewa, mota ta riƙa tsalle a kan gargada, birki kuma ya rage kamawa.

Ana auna iska ne da safe kafin motar ta yi tafiya, domin taya mai zafi tana nuna lamba sama da gaskiyarta. Sanyi ma yana taɓa ta: duk saukar zafi na kimanin digiri 5 zuwa 6 yana rage kusan psi ɗaya, shi ya sa tayar da aka cika da tsakar rana a watan Afrilu ba za ta nuna lamba ɗaya da asubahin hunturu ba. Ni dai shawarata ka mallaki gejinka na kanka ka ajiye a mota. Bai kai kuɗin rabin tankin mai ba, kuma gejin bakin titi da ya sha faɗuwa a ƙasa ba abin dogaro ba ne. Idan ka kwatanta kuɗi da amfani, babu abin da ya kamo ƙafar iska a duk hanyoyin nan. Ko ƙarar ba ta tafi ba, ka ci riba.

Ta uku ita ce alaimen. Wannan gyara ne na gaske, amma sai da hujja. Hujjar tana hannunka tun lokacin da ka shafa tayar. Idan ka ji zanen yana da santsi ta ɓangare ɗaya, yana da kaifi in ka dawo da hannu, ko ka ga gefe ɗaya kaɗai ya suɗe, musamman na ciki da ba a gani sai an leƙa, to ƙafafun ba sa kallon gaba sak. Haka idan kana tafiya a miƙaƙƙen titi sitiyari ya karkace, ko motar tana jan ka gefe in ka sassauta hannu. Irin wannan mota gogar ƙasa take yi ko ba a kwana ba, wurin fakin kawai ya tona mata asiri. Da irin ramukan da ke hanyoyinmu, rami ɗaya da ka faɗa da gudu ya isa ya ɓata alaimen. Abin lura guda: kada ka yarda a ɗora motarka a kan na'ura kafin a ɗaga ta a girgiza ƙafa. In tayarod ko boljoin ko bushin sun yi sako-sako, alaimen ɗin da aka yi maka yau ba zai kai mako ba. A fara canja abin da ya mutu, sannan a daidaita. Kuma balansin daban, alaimen daban. Balansin maganin rawar sitiyari ne idan ana gudu, ba ruwansa da ƙarar kwana, kada a haɗa maka kuɗinsa da sunan maganin wannan matsala.

Bel kuwa shi ya fi sauƙin ganewa. Motocin da sitiyarinsu ke aiki da mai suna da famfo da bel ke juyawa. In ka murɗe sitiyari zuwa ƙarshe, famfon yana ɗaukar nauyi mafi girma, tsohon bel ko wanda ya saki sai ya zame ya yi tsuwa. Daga bonet take fitowa, tana yi ko motar na tsaye, a kan kowace irin ƙasa, ta fi yawa da safe ko in an kunna AC. Idan gurnani ne maimakon tsuwa, a duba man sitiyari. Amma ka fara sanin irin motarka. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ta cika titunanmu tana da famfon mai, wadda ta biyo bayanta daga 2009 kuwa da lantarki sitiyarinta yake aiki, babu famfo babu mai. Duk wanda ya ce zai canja maka man sitiyari a irin wannan mota, ka ɗauki makullinka. Ƙarar ƙwas-ƙwas-ƙwas a cikin kwana ita ma ba ta taya ba ce, shaf ne, wato ƙarfen da ke juya ƙafa, kuma sau da yawa za ka tarar robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fantsama.

Masu Hilux da makamantanta su duba abu guda kafin komai: ko an bar motar a okzilari, wato 4H, inda ƙafafu huɗu ke ja. A irin waɗannan motoci, idan ƙafafu huɗu na ja, gaba da baya a ɗaure suke da juna, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya. A cikin yashi ko laka bambancin yana zamewa ya wuce. A kan siminti busasshe babu inda zai je, sai motar ta riƙa ƙugi tana tirjewa, taya na kuka. Direba ya dawo daga ƙauye ya manta bai mayar da ita 2H ba, wato jan ƙafa biyu, a zo ana neman laifin taya. Wannan kam ba ƙara kaɗai ba ce, yana iya lalata giya.

Yanzu ga mai tsadar. Shin canja taya yana maganin ƙarar? Wani lokaci yana yi, amma babu wanda zai iya yi maka alkawari. Tsohuwar taya da robarta ta bushe ta yi tauri tana ƙara, kuma ƙararta tana bin ka har kan kwalta. Sabuwar taya ma tana iya yin ƙara a kan fenti, wani lokaci fiye da tsohuwar, domin zanenta na da tsawo yana lanƙwasa, ga kuma ɗan santsin masana'anta da sai an yi tafiya yake gogewa. Saboda haka ƙarar wurin fakin ita kaɗai ba dalilin sayen taya ba ce. Dalilan suna rubuce a jikin tayar.

Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, ka bi har lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana faɗa wa direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanin Michelin kuwa cewa yake yi a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara bayan ta shekara biyar, kuma kada ta wuce goma ko da ta yi kyau a ido. Da irin zafin ranar Sakkwato ko Maiduguri, da motar da ke kwana tana wuni a waje, ni na fi karkata ga ƙaramin adadin. Sannan ka duba cikin kwarin zanen, akwai wasu 'yan tudun roba a tsakani. In fuskar tayar ta zo daidai da su, saura milimita 1.6, aikinta ya ƙare. Tsattsagewa a gefe ko ƙullutu kuwa ba a jira da su ko kwana ɗaya.

Idan hujja ta nuna sai an canja, zaɓin da ke gaban yawancinmu shi ne sabuwa mai sauƙin kuɗi ko ta gwanjo mai babban suna, wadda ake kira 'yar Beljiyam. Na san abin da ke jan mutane: ka ga Michelin ko Continental ko Bridgestone, zane kamar sabo, a rabin kuɗi ko ƙasa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, daga waje ake shigo da tayar mota, farashi kuma yana bin dala. Aljihu ba ya ƙarya, ban raina wanda ya duba ta gwanjo ba. Amma ga abin da ba a faɗa maka a bakin shago. Tsofaffin tayoyin mota suna cikin jerin kayan da hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su Najeriya, wato babu wata hukuma da ta tantance wadda ke gabanka. Ba ka san ko ta taɓa tafiya babu iska har wayoyin cikinta suka karye ba, kuma wannan ba ya nunawa a waje. Da yawa daga cikinsu kuma tayoyin sanyi ne. Ka duba gefenta, in ka ga zanen tsauni mai kai uku da alamar dusar ƙanƙara a ciki, an yi ta ne don ƙasar da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7. Robarta mai laushi ce, fuskarta cike da ƙananan tsagu. Wannan ne ma yake sa ta yi kyau a ido, mai saye ya ɗauka ƙarin inganci ne. A kan kwaltar Kano zuwa Zariya da tsakar rana, irin wannan roba tana saurin cinyewa, tana lanƙwasa a kwana, birki kuma yana ƙara tsawo. Wanda ya saye ta don maganin ƙara, ƙarar ya ƙaro wa kansa.

Sabuwa mai matsakaicin suna, wadda aka ƙera cikin shekarar nan ko bara, ta fi mini tsohuwa mai babban suna nesa ba kusa ba. Ka karanta kwanan watan da idonka kafin a ɗaura, domin "sabuwa" na iya zama wadda ta shekara uku a sito. Yawancin tayoyi suna ɗauke da rubutun Temperature da harafi A ko B ko C a gabansa, wato juriyar zafi. Mai harafin A ce mafi juriya, kuma a yanayinmu ita ya kamata ka nema, B in babu yadda za a yi. Ka tsaya a kan girman da masu motar suka rubuta. In takardar ƙofa ta ce 195/65 R15, wato faɗin milimita 195 a kan rim mai inci 15, kada a lallashe ka da mai faɗi don ta fi kyau a ido. Faɗin nan ƙarin ƙara ne a wurin fakin, ƙarin shan mai ne, wani lokaci ma tayar ta riƙa gogar jikin mota in an murɗe sitiyari. Idan biyu kaɗai kuɗinka zai saya, a sa sababbin a baya, masu dama-dama a gaba. Na san akasin haka aka saba yi, kuma mai faci zai yi maka gardama, amma shawarar kamfanonin taya ke nan, domin in ƙafar baya ta zame a kan jiƙaƙƙen titi, motar juyawa take yi, direba kuma ba shi da yadda zai yi da ita.

Akwai ƙarar da ba a ƙyalewa ko kaɗan: wadda kake ji a kan kwalta, a shataletale ko a kwanar babban titi, da gudun da ka saba yi a da ba ka ji komai ba. Wannan tana nufin tayar ta kusa sakin hanya. Ranar nan za a duba iska da shekaru da zane, ba gobe ba.

Masu gina plaza da otal da asibiti su ma suna da nasu zaɓin, tunda daga daɓensu abin ya taso. Fenti mai sumul yana da kyan gani da sauƙin wankewa, yana hana mai da ƙura shiga siminti, amma shi ya fi kowanne ƙara, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya zama santsi ga mota da mai tafiya a ƙasa. Tayil ya fi shi muni, ga fashewa a ƙarƙashin nauyi. Intalok da simintin da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ba su cika ƙara ba, suna kuma riƙe taya, sai dai suna shan mai su yi dabbare-dabbare. Wanda ya nace sai fenti, ya sa mai aikin ya watsa yashi mai tsabta a kan shafin tun bai bushe ba, sannan a rufe da shafi na ƙarshe. Ko ba a yi wa dukan wurin ba, a yi wa kwanoni da gangaren shiga, inda motoci ke shigowa da jiƙaƙƙiyar taya da damina.